Ɗan Danƙon Da Ya Rufa Mini Asiri A Damagaram

 Yau labarin wata 'yar tafiya na zo muku da shi, wadda na yi zuwa Damagaram ta Jamhuriyar Nijar wajen kai amarya, tare da labarin wani ɗan abu da bai wuce girman kwalin ashana ba, wanda ya rufa mini asiri ranar da na ga tashin hankali muraran. In kun yi haƙuri za ku tsinci aure a ciki, har da kuka da dariya.

Daren da za mu tafi ina durƙushe a tsakar ɗaki ina shirya jaka, Gwaggo tana zaune a bakin gado tana lissafo mini abin da take ganin zan manta. Atamfa uku, leshi ɗaya, hijabi biyu, soso da sabulu, man shafawa da kwalli, duk na zuba. Can sai ta ga na ɗauko wani ɗan curi shuɗi a cikin leda na cusa a aljihun jaka.

Ta ce, "Ke kuma wannan mene ne? Cingam ɗin da kika tauna kika gaji, shi za ki ƙetare ƙasa da shi?"

Na ce, "Gwaggo ba cingam ba ne, danƙon liƙi ne."

Ta taɓe baki ta ce, "Yaran zamani ke nan. Mu in za mu yi tafiya allura da zare muke ƙullewa a gefen zane, da 'yar jar kanwa saboda ciwon ciki. Ku kuwa sai tarkace."

Ban tanka ba, na ja zif na rufe jakata.

To bari in tsaya in yi muku bayaninsa, domin na san da yawa cikinku ba ku taɓa riƙe shi ba. Wani abu ne mai laushi kamar kwaɓin cincin, ba ya bushewa, kuma ba ya ɓata hannu irin na gam. Gutsura za ki yi daidai ƙwayar gyaɗa, ki murza tsakanin yatsu har ya yi ɗumi, sannan ki danna shi a bayan takarda ki manna a bango. Ranar da kika so cirewa sai ki naɗe shi a hankali ya fita, ki mayar cikin leda, gobe ki sake amfani da shi. In wani ɓurɓushi ya rage, da gutsurensa za ki dangwala ya kwashe ɗan uwansa.

Wanda ya fi suna shi ne Blu Tack na kamfanin Bostik, wanda aka fara yi a birnin Lesta na ƙasar Ingila wajen shekarar 1970. Labarin da ake bayarwa shi ne wani abin toshe kafa ake ƙoƙarin haɗawa sai wannan ya fito bisa kuskure, kuma da farko fari ne, aka sa masa shuɗin launi don gudun kada yara su zaci alewa ce su kai baki. Ka ji fa, ashe ba Gwaggo ce ta fara yi masa kallon cingam ba. A Afirka ta Kudu Prestik suke kiran nasu. Ni kuwa a makaranta na san shi, wajen malamarmu ta labarin ƙasa, wadda da shi take liƙa taswira a jikin allo. Ganin yadda take cirewa ba tare da taswirar ta yage ba ya sa na tara kuɗin tarata na sayo fakiti guda a wani kantin kayan rubutu a Sabon Gari.

Amaryar da za mu kai Yayata ce, 'yar wan Babanmu. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, Ummanmu ce ta riƙe ta, ɗaki ɗaya muka tashi, kwano ɗaya muka ci. Angon kuwa Badamagare ne mai zuwa sarin atamfa Kantin Kwari. An sa rana tun a 2023, sai ga juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga watan Yuli na shekarar, aka rufe kan iyaka, dole aka ɗaga biki. Wata da watanni Yaya tana jira, masu gulma suna cewa auren ya sha ruwa, har Allah ya sa aka buɗe iyakar a watan Maris na 2024, manya suka sake zama aka tsayar da magana.

Akwai kuma wani abu da na ɓoye a ƙasan jaka wanda Umma ba ta sani ba. 'Yan kunnen gwal ne na Anti, amaryar Babanmu, waɗanda ta sayo a Makka lokacin da ta je aikin Hajji. Kun dai san zaman gidan mata biyu. Shekaru Umma da Anti suka yi suna zaman doya da manja, sai a 'yan kwanakin nan ne abin ya lafa har suke cin abinci tare. Tun da aka fara shirin biki Umma ta ja mini kunne, ta ce kayan aro ba ya rufe katara, in yi ado da abin da nake da shi. Amma son a gan ni ya rufe mini ido, na lallaɓa ɗakin Anti na roƙe ta. Ta daɗe tana kallona, sannan ta buɗe akwati ta miƙo mini ta ce, "Amana ce fa. Ban taɓa ba kowa aronsu ba."

Washegari da sassafe bas ɗin da aka ɗauko shata daga tashar Ƙofar Ruwa ta tsaya a ƙofar gida. Kayan ɗaki sun riga sun tafi da 'yan jere, mu sai amarya da jakunkunanmu. Ba sai na gaya muku irin kukan da aka sha ba lokacin da Umma ta riƙo hannun Yaya ta kai ta bakin mota. Muka ɗauki hanyar Dambatta, mota ta yi tsit sai shessheƙar amarya a cikin mayafi, sai kuma wani gilashin taga da ya saki yana ta kar-kar-kar daidai kunnen Gwaggo. Ta tura masa takarda ta faɗi, ta danne da hannu ta gaji. Kafin mu kai Kazaure ta fara cewa kanta zai tsage. Ni kuwa na zaro ledata, na gutsuri kaɗan na murza, na cusa tsakanin gilashin da ƙarfensa. Ƙara ta ɗauke ɗif. Gwaggo ta kalli taga, ta kalle ni, ta gyara zaman ɗankwalinta ba ta ce komai ba.

Mun wuce duwatsun Kazaure muka shiga Daura da hantsi. Direba ya nuna mana wajen da rijiyar Kusugu take, wadda aka ce a nan Bayajida ya kashe macijiya, amma ba mu tsaya ba don manya sun ce ba a yawo da amarya. A nan ne ƙamshi ya cika mota, ashe kwalbar humrar Inna ce take yoyo ta wajen murfi, har ta jiƙa mata gefen jaka. Na goge bakin kwalbar sosai da tsumma, domin danƙon ba ya kama wuri mai maiƙo ko jiƙaƙƙe, sannan na mulmula shi kamar igiya na zagaye murfin na danne, muka ɗaure a leda. Har Damagaram ba ta ƙara ɗiga ba. Sai dai wannan gutsuren yar da shi na yi, don turaren ya sa ya yi yauƙi.

A Kongolam ƙasarmu ta ƙare. Aka duba takardu, muka tsallaka Ɗan Barto, jandarmomi suka leƙo suka ga lalle a ƙafafu suka yi mana fatan alheri. Abin da ya ba ni mamaki shi ne an ce mun shiga wata ƙasa, amma ga gero nan irin namu, ga rumbuna, ga 'yan mata masu tallar gyaɗa suna kiranmu da Hausa. Allunan bakin titi ne kawai suka koma Faransanci, sai kuma kuɗi da suka koma sefa. Lissafinsu ya so ya rikita ni, domin in mai talla ta ce dala, sefa 5 take nufi, in ta ce jaka kuma sefa 1,000 ke nan. Muka bi ta Matamaye da Kance muka hau babban titi a Takeita, muka wuce Tirmini, inda aka gwabza tsakanin mayaƙan Damagaram da sojan Faransa a 1899. Tafiyar duka ta haura kilomita 200, amma tsaye-tsayen hanya ya sa sai da la'asar muka hango manya-manyan duwatsun nan masu kama da an jera su da hannu, direba ya ce, "To ga Damagaram nan."

An tarbe mu da guɗa da ruwan sanyi, da kuma tsiya, domin Kanawa da Damagarawa abokan wasa ne. Wata tsohuwa ta riƙe ƙofar mota ta ce, "Kanawa sarakan ciniki, ku faɗi gaskiya, nawa kuka ci riba a kan 'yar nan?" Gwaggo ta ce, "Ai faɗuwa muka yi, gwal muka kawo muku a farashin dalma." Aka kwashe da dariya, har amarya sai da kafaɗarta ta motsa a cikin mayafi.

Masaukinmu gidan iyayen ango ne a unguwar Birni, tsohon gida na ƙasa mai katanga da kauri da rufin azara. Ɗakin da aka ba mu sanyi ƙalau kamar randa. Sai dai da na tashi canza kaya na lura ƙofar tana da rami daidai inda aka cire tsohon makulli, ga shi tana kallon hanyar da samarin gidan ke bi suna shigo da kujeru. Kunya ta hana mu gaya wa masu gida, don kada su ga kamar mun raina masauki. Na yago 'yar takarda na rufe ramin, na bi gefenta da danƙo, shi ke nan muka sake. Da muka tambayi alƙibla aka nuna mana, na manna ɗan ɗigo a jikin katakon taga ta wannan ɓangaren, don duk wadda ta farka da asuba ta gani ba sai ta tashi wani ba. Soket ɗin ɗakin kuma ya saki, caja ba ta zama, sai na tallafe ta da danƙo ta waje, tsakanin robar cajar da murfin soket. Ku lura da kyau, ta waje na ce. Kada wadda ta kuskura ta tura wani abu cikin ramin wuta.

Nan fa kaina ya fara girma, na ga kamar ba abin da zai gagare ni. Na ɗauko madubina mai faɗin littafi na danna masa curi huɗu na manna a bangon ƙasa, ina ta iyayi a gaban 'yan mata. Tsakar dare muna barci sai ji muka yi tartsatsatsa! Kowa ta zabura tana salati. Madubi ya tarwatse, ga danƙon nan a bayansa ya kwaso ƙurar bango ya koma ja. Gwaggo ta haska fitila ta ce, "Madalla da injiniya." Ranar na gane iyakarsa: ba ya kama bangon ƙasa mai zubar da ƙura, kuma ba a ɗora masa nauyi.

Da safe muka tafi gidan amarya, wani gidan siminti na haya a sabuwar unguwa, ɗaki biyu da falo, sun sha sabon fenti ruwan madara. 'Yan jere sun yi ƙoƙari, saura 'yan ƙananan abubuwa. Inna ta ɗauko ƙusa da dutse za ta kafa kalanda ke nan sai ƙanwar ango, wata yarinya sa'ata mai fara'a, ta riƙe mata hannu ta ce mai gidan ya kafa sharaɗi tun kafin ya ba da makulli, ba a buga masa ƙusa a bango. Inna ta fara faɗa, wai wane irin gari ne wannan da amarya ba za ta ƙawata ɗakinta ba. Na ga magana za ta yi tsami tun ba a je ko'ina ba, sai na ce a bar ni in gwada. Kalandar mai shafi ɗaya ce, ta zauna daram. Na liƙa takardar addu'ar fita daga gida a bayan ƙofa, na jera 'yan furannin roba marasa nauyi a saman madubin gado. Agogon bango kuwa ban ko taɓa shi ba, na tuna daren jiya, muka jingine shi a kan kabet.

Da mutane suka ragu Yaya ta kira ni ƙuryar ɗaki ta tura ƙofa. Ta zaro wani ɗan hoto daga cikin Alƙur'aninta, tsoho ne har gefensa ya fara ja. Hoton mahaifiyarta ne, kuma shi kaɗai ne ya rage a duniya. Ta ce, "Ina so in riƙa ganinta kullum in na buɗe sif, amma ina tsoron salatif, in ya kama fuskar ya ɗaye shi ke nan na rasa ta sau biyu." Muryarta tana rawa. Na san danƙon nan yana da ɗan maiƙo da kan fito a jikin takarda in ya daɗe, don haka ban manna shi a jikin hoton ba. Na samo 'yar farar leda mai kauri irin ta katin gayyata na zura hoton a ciki, na sa ɗigo huɗu a kusurwoyin ledar, na manna a cikin murfin sif daidai tsayin idonta. Yaya ta tsaya tana kallo, ta rufe murfin ta sake buɗewa, sai ta rungume ni muka yi ta kuka ba mai rarrashin wani.

Yanzu ga inda gizo yake saƙar. Ranar walima na ci ado na sa 'yan kunnen Anti, kuma ba ƙarya sun yi mini kyau, har ana tambayata ko ni ce amarya ta gaba. Da magariba muka koma masauki a gajiye. Na fizge ɗankwali da sauri don in yi alwala, ashe zare ya sarƙe ɗan kunnen hagu. Na ji ɗan ƙaransa a daɓe, na juyo, babu shi babu dalilinsa. Muka ɗaga tabarma, muka zazzage jakunkuna, muka share ɗakin kaf. Jikina ya ɗauki ɓari, gumi yana keto mini. Fuskar Anti kawai nake gani tana cewa amana ce, sai kuma fuskar Umma ranar da za a ce 'yarta ta karɓi gwal ɗin kishiya a ɓoye ta salwantar. Wa zai yarda faɗuwa ya yi? Zaman lafiyar da aka samu da ƙyar a gidanmu, ni zan rushe shi saboda kwalliyar yini ɗaya.

Ƙanwar ango ce ta haska fitilar waya a gindin bango ta ce, "Ga wani abu can yana ƙyalli." Daɓen simintin ya rabu da bangon ƙasa ya bar wata tsaga siririya mai zurfi, ko ƙaramin yatsa ba ya shiga. Ga ɗan kunne can ƙasa a kwance. Inna ta zura tsinke don ta saƙalo shi, sai ya ƙara gangarawa, na ƙwalla ƙara na riƙe mata hannu. Wata ta ce a kira yaro ya zo da guduma a fasa wajen. Gwaggo ta ce, "A fasa me? Mu zo baƙunta gidan surukai mu fasa musu ɗaki? Mu gobe za mu tafi, ita yarinyar da za mu bari ita za a riƙa yi wa gori har ta tsufa." Ɗaki ya yi shiru, ni kuwa hawaye kawai nake yi.

Can sai Gwaggo ta juyo ta dube ni ta ce, "Ke, ina cingam ɗin nan naki?"

Wallahi tsabar ruɗewa ko tunawa da shi ban yi ba. Na zaro tsinken tsintsiyar kwakwa mai ƙwari, na murza ɗan danƙo na lulluɓe bakinsa, na zura a hankali. Na farko ƙura kawai ya kwaso. Na cire wannan na sa sabo, na biyu ya taɓa ɗan kunnen ya ɗago shi kaɗan ya sake shi, zuciyata ta ce ras. Gwaggo ta ce, "Ki yi bisimilla, ki danna ki ɗan jira, kada ki yi gaggawa." Na yi yadda ta ce, na danna na ƙirga goma a zuci, na fara ja kamar mai zare ƙaya. Sai ga gwal ya leƙo yana lilo a bakin tsinke. Ƙanwar ango ta cafe shi, Inna ta rangaɗa guɗa har matan gida suka shigo suna tambaya ko wata amaryar aka kawo. Ni dai zubewa na yi na yi sujada. Daren nan na cire ɗayan ma, na sa su a kwalbar magani na rufe, na cusa a tsakiyar kaya, ban ƙara marmarin sa su ba.

Gwaggo ba ta yi mini faɗa a gaban mutane ba. Sai da muka kwanta ta ce a hankali, "Na san na wace ce. In mun koma ki faɗa wa uwarki da bakinki kafin ta ji a wani wuri."

Ana gobe za mu tafi ƙanwar ango ta zaga da mu gari. Mun bi lungunan Birni masu gidajen ƙasa da zane-zane a fuskar soraye, muka tsaya a ƙofar fadar Sarkin Damagaram inda dogarai ke zaune cikin jajayen kaya. Ta ba mu labarin Sarki Tanimun, wanda a zamaninsa garin ya yi ƙarfi har ayarin raƙuma daga Arewacin Afirka ke yada zango a nan kan hanyarsu ta zuwa Kano, shi ya sa ma har yau akwai unguwar Zango. Ta ce garinsu ne babban birnin Nijar a zamanin Turawa kafin a mayar da shi Yamai a 1926, kuma ta faɗi haka tana ɗaga kai, irin na wadda har yanzu abin yake mata ciwo. Daga nan muka shiga kasuwar Dole, na sayo wa Umma jakar fata aikin dukawan garin, na sayo wa Anti takalmi.

A wani shagon littattafai ne na hango wani fakiti rataye, na tsaya ina nunawa. Ƙanwar ango ta tuntsire da dariya ta ce, "Ai tun ranar nake so in gaya miki, mu Patafix muke ce masa, da shi mushenmu yake liƙa takardu a lakwal. Na bari ne ki gama burge tsofaffi." Ashe nasu na kamfanin UHU ne na ƙasar Jamus, fari ne, an yanka shi ƙanana-ƙanana. Na yi ta jin kunya, na zo da abu daga Kano ina taƙama, ga shi rataye a kasuwarsu.

To ƙannena, ga abin da tafiyar nan ta koya mini game da shi, ko wata za ta amfana in za ta koma makarantar kwana ko za ta hutu gidan dangi. Curi daidai girman goro ya ishe ki tafiya guda. Ki sa shi a leda ko cikin gwangwanin alewa, kada ki bar shi tsirara cikin kaya, domin zafin mota yana sa shi ya yi laushi ya kama zaren atamfa. Ki goge wuri ya bushe kafin ki manna. Yana kama gilashi da ƙarfe da roba da katako mai santsi da fentin mai, amma ba ruwansa da bangon ƙasa ko farar ƙasa mai gari. Takarda da kati da abu marar nauyi su ne aikinsa, madubi da agogo ba nasa ba ne. In ya daɗe a bango yana iya barin tabon maiƙo, musamman a fentin ruwa, don haka a gidan mutane ki fara gwadawa a lungu, kuma ki cire kafin ki tafi. Kada ki kai shi kusa da wuta, kada ki sa a kunne ko a hanci, sannan ki ɓoye shi daga ƙananan yara. Allura da zaren Gwaggo ma kada ki bar su, don a hanyar dawowa da igiyar jakata ta tsinke su ne suka fisshe ni.

Ranar tafiya na bi ɗakin da muka sauka na cire duk abin da na manna, na jikin taga da na soket, ban bar komai ba sai takardar ramin ƙofa, wadda uwar ango da ta gani ta ce a bar mata kayanta. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, to gara in ya tashi a tarar da wuri yadda ya same shi. Da muka je sallama da Yaya na raba ragowar danƙon biyu na damƙa mata rabi. Ta yi dariya cikin hawaye ta ce me za ta yi da shi, na ce ta ajiye, akwai hotunan 'ya'ya nan gaba in Allah ya yarda. Gwaggo kuwa muna shiga mota ta miƙo hannu ba tare da ta kalle ni ba ta ce, "Sammini cingam ɗin nan, gilashin ɗakina ma yana ƙara."

Da muka iso Kano na mayar wa Anti 'yan kunnenta, na ba ta labarin duk yadda aka yi ban rage komai ba. Ta jujjuya su a tafin hannu ta ce, "Da kin yi shiru ma ba zan sani ba. Allah ya yi miki albarka." Umma kam ta yi mini faɗa sosai, kwana biyu tana amsa gaisuwata a daƙile, kuma na san na cancanta. A rana ta uku na jiyo su a tsakar gida ita da Anti suna tsince shinkafa, Anti tana kwaikwayon yadda na ce na ƙirga goma, suna ta dariya.

Yaya tana can lafiya, muna waya kusan kullum, ta ce hoton yana nan inda na manna shi. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, mu kuma 'yan baya Allah ya zaɓa mana mafi alheri.